Sabon Dogari Ba Ya Shan Furar Kowa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau ce rana ta farko da na saki rubutuna. Karatun na wasu kawai na iya, a ɓoye ƙarƙashin tebur a lakwal, wato makaranta. In kun ga kuskure ku gyara mini a hankali, ina da saurin kuka. Yayana ne ya ce zai yi konkur, wato jarrabawar shiga 'yan sanda, gidanmu a nan Dakoro aka daina dariya. Sai kakata ta ce wannan rigima ta girmi kowa a gidan, ta ba ni labarin wata kakar kakarta. Na sa shi a bakin mai shi, kamar ita ce ke zaune a gabanku. Bismillah.

*

Sunana Lami, ɗiyar Rabo manomi, kuma tun yanzu nake gaya muku ban yi nadamar komai ba. In kun gama ji kuka ce na yi rashin kunya, ku tsaya bayan Goggona, ta riga ku faɗa.

A zamaninmu babu gari a Dakoro, sai rijiya da makiyaya masu sauka su tashi. Namu garin yana gefen Mai Yara, ɗan ƙarami, kewaye da shingen ƙaya, da sarkinsa da kasuwarsa ta Laraba. Turawa ko labarinsu ba mu taɓa ji ba. Abin da muka sani shi ne mahara. Su faɗo wa rijiya da rana tsaka, su kore shanu, su ɗauki wanda ƙafarsa ta yi nauyi, kafin a buga ganga sun ɓace ta hanyar Tagriss.

Haka suka ɗauki yayata Fadimatu. Ni na tsira ne don igiyar gugana ta tsinke na koma gida neman wata. Tulunta muka tarar a bakin rijiya, ko fashewa bai yi ba.

Za ku ce ina dogaran sarki? Suna nan. Akwai Abarci sarkin dogarai, ƙato mai tabon takobi a kumatu. Akwai tsoho Ɗangoggo mai ido ɗaya, wanda ke barci a tsaye jingine da kulkinsa. Akwai wani da kurkunu ke kwantar da shi duk damina. Sauran ba su taka kara sun karya ba. Su ne tsaron kasuwa, su ne tsaron ƙofar gari, su ne rakiyar fatake, su ne raba faɗan mahauta. Ranar da aka ɗauki Fadimatu, Abarci ya tafi rakiya. Ɗangoggo ne ya iso rijiya a kan jaki, bayan ƙurar dawakin ta lafa.

Da abin ya ishi sarki sai ya sa aka yi shela ranar kasuwa: duk saurayin da ƙafarsa ke gudu, ɗa ne ko bawa, ya zo a koya masa dogarci. Ku tsaya ku ji. Tun kakanni dogarci aikin bayin sarki ne. Sai ga mutanen da ke kuka da mahara kullum sun fara ɓoye 'ya'yansu. Wani ya tura nasa cin rani. Maƙwabcinmu ya sa nasa a rumbu ya rufe da faifai, kunama ta harbe shi, duk unguwa ta ji ihunsa. Kowa na son a kama ɓarawo, amma da ɗan wani.

Jimrau bai ɓuya ba.

Jimrau shi ne nawa. Dogo, baƙi, mai wushirya, ɗan kokawar da ake yawan kayarwa amma ba ya fasa shiga fili. Iyayensa sun riga sun kawo gaisuwa gidanmu, an karɓa. Murjanin da ke wuyana nasa ne, haka baƙin zanen nan mai shuni da nake ɓoyewa a ƙasan lefen Inna, wanda ke bar mini shuɗi a fata in na ɗaura. An ce sai bayan kaka a sa rana.

Saƙonmu ta bakin Uwale yake bi, tsohuwa mai tallar daddawa gida gida, wadda ba ta kai magana sai ta ƙara mata gishiri. Ranar ta shigo ina surfe, ta tsuguna kamar mai duba tsakin kaji.

"Mutuminki ya ce in gaya miki ya tahi wajen Abarci."

Taɓarya ta tsaya a hannuna. "Sai mi kuma ya ce?"

"Ya ce in kin ji haushi ki aiko mishi da murjaninshi, ba zai ga laihinki ba."

"Ki ce mishi murjanin ya saba da wuyana."

"Shi ke nan? Ba ɗan kuka? Ba 'wayyo masoyina'?"

"Uwale, daddawarki ce ke sa ni hawaye, ɗauki ki yi gaba."

Ta tafi tana dariya. Tsoro nake ji, ban ɓoye muku ba. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu mai ɗumi da ban san sunansa ba.

Baba ya kira ni bayan la'asar. Yana zaune a kan buzunsa yana gyaran ƙotar hauya, Inna na gefe tana kaɗi, Goggo ƙanwarsa ta zo daga gidanta takanas, ta zauna ta miƙe ƙafa kamar alƙali. Na durƙusa na sunkuyar da kai.

"Kin ji abin da ɗan gidan Zakariya'u ya yi?"

"Na ji, Baba."

"Ban haihi ɗiya don in ba mai riƙe wa wani bulala ba. Ɗa ne, ubanshi ɗa ne, ya je ya mai da kanshi bawa. Gobe a ce tahi ka kamo surukinka, ya zo ya kama ni. Ki aika mishi ya hito. In ya hito magana na nan. In bai hito ba, babu ita."

Ya kamata in yi shiru. Na sani. Amma bakina ya riga ni.

"Baba, in kowa ya hito, wa zai tsaya a rijiya?"

Mazarin Inna ya tsaya. Baba ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kaɗa.

"Ina suke ran da aka ɗauki yayarki?"

"Ba su da yawa ne, Baba. Da akwai mai ƙafa ko ɗaya a cikinsu ran nan..."

"Ke!" Goggo ta daka mini tsawa. "Uban naki kike mai da wa magana? Tashi ki ba mu wuri, mai baki kamar reza."

Na tashi. Ban aika ba.

Aka kwashi sababbin aka kai su bayan gari, gindin wani babban gawo, aka ce ba su shigowa gida sai an naɗa musu jan rawani. Ba su cika yatsun hannu biyu ba, alhali Abarci ya so ya samu ninkinsu. Kuma akwai wata doka da kowa ya ji: wanda ke cikin horo ba ya karɓar ko kurɓin ruwa daga hannun kowa, sai abin da aka kawo daga fada. Abarci yakan ce wanda ya ci tuwonka ba ya iya ɗaure ka. Duk wanda ya miƙa hannu ya karɓa, a ranar zai tattara ya koma gida.

Goggo ta tare a gidanmu. Da safe ta ce, "Matar dogari ko barka ba a zuwa mata." Da rana ta ce, "Kin san ba mai cin abinci akushi ɗaya da su?" In ina kitso ta zauna a bayana ta lissafa mini samarin da suka fi shi gona. In na yi shiru ta ce taurin kai, in na amsa ta ce fitsara. Na rame, warwarona ya fara zamewa har gwiwar hannu, amma ko sau ɗaya ban ce mata to ba.

Sai ranar nan ta bazara. Irin ranar da ƙadangare ke gudu a kan yatsu. Da safe na yi dakan fura, na cuɗa, na dama da nonon da Bafillatana ta kawo, na rufe na tafi rijiya. Da na dawo na sauke tulu, sai idona ya kai ragaya. Ƙwaryata ba ta nan. Ba kowace ƙwarya ba, tawa ta kaina, mai zanen wuta a baki, wadda duk 'yan matan gari suka san ta Lami ce.

"Inna, ina ƙwaryata?"

Inna ba ta dube ni ba. Ta ci gaba da tsince wake kamar ba ta ji ba. Goggo ce ta fito daga ɗaki tana gyara ɗaurin kallabi, fuskarta sakayau.

"Na aiki Uwale ta kai wa angonki hura. Da sunanki."

Ku da ba 'yan garinmu ba, bari in gaya muku. A wajenmu in budurwa ta aika wa saurayi fura a ƙwaryarta, ya sha, ya amsa ke nan. In ƙwarya ta dawo da furarta, ya ce ba ya so, kuma ba a sake tayar da maganar har abada. Ko iyaye ba su gyara ta.

In ya sha, Abarci ya kore shi. In bai sha ba, ya sake ni tun ba a ɗaura ba.

"Goggo, mi na yi miki?"

"Taimakonki na yi, sakarya. Yaron na son ki, sha zai yi. A koro shi ya koma gonar ubanshi, bayan kaka mu sha biki. Wa ya yi hasara?"

"In kuma bai sha ba?"

"Sai ki san wanda ya fi so tsakaninki da jan rawani."

"Baba ya sani?"

"Bai hana ba."

Ban san lokacin da na ɗaure zanena a ƙugu ba. Inna ta kira sunana sau ɗaya, a hankali, irin kiran da ba na hanawa ba. Na fita ba takalmi, ba mayafi, kaina rabi kitso rabi tsefe. Na wuce majema, na wuce mata masu dawowa daga itace suna bi na da ido, na fita ta ƙofar yamma. Rairayi na cin tafin ƙafata kamar garwashi, ƙarangiya ta cika mini gefen zane. Ban tsaya cirewa ba.

Tun daga nesa na hango su. Ba a inuwar gawon suke ba, inuwar ta Abarci ce shi kaɗai, yana zaune a kan turmi da dorina a cinya. Su suna jere a rana, daga su sai walki, kowa ya miƙe hannu ɗaya riƙe da kulki, an hana su saukewa. Gumi ya bushe musu ya bar gishiri a ƙirji. Tsoho Ɗangoggo na zagaya su yana taɓa gwiwar duk wanda hannunsa ya fara sauka.

Ga Uwale durƙushe a gaban Jimrau, ta buɗe faifai, ta ɗaga ƙwaryata sama. Na ji muryarta tun kafin in iso, yadda Goggo ta koya mata.

"Daga Lami ɗiyar Rabo! Ta ce a ba Jimrau ya jiƙa maƙoshi!"

Sauran samarin suka haɗiyi yawu. Abarci bai tashi ba. Sai ya gyara zama kamar mai kallon kokawa.

"To, ango. Ga hura ta zo har gida. Da nono kuwa, ina jin ƙamshinta daga nan. Sha ko mayar, kai ka sani. Ni ban ce komi ba."

Jimrau ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Leɓɓansa sun tsage. Yana kallon zanen wutar da ke bakin ƙwaryar, ya san ta, ya san abin da mayar da ita ke nufi. Na ga hannunsa na hagu, wanda ba kulki, ya fara ɗagowa daga gefen cinyarsa.

Sha zai yi. Goggo ta san shi fiye da yadda na so.

Na faɗa tsakaninsu na fizge ƙwaryar daga hannun Uwale. Ban nemi ludayi ba. Na kafa kai. A gaban maza, a tsaye, kamar rakumi a bakin kwamin ruwa. Budurwar garinmu ko goro ba ta ci a gaban saurayinta, ni kuwa ga fura na bin haɓata tana sauka a kan murjani. Na sha har numfashina ya ɗauke, na huta, na sake kafa kai. Sai da na ga gindin ƙwarya. Sannan na kife ta a kan rairayi na goge baki da bayan hannu.

Ko Ɗangoggo ya buɗe idonsa ɗaya sosai.

"Ranka shi daɗe," na ce wa Abarci, "bai karɓa ba, bai kuma mayar ba. Ƙwarya za ta koma gida ba komi a cikinta."

Abarci ya dube ni, ya dubi ƙwaryar, sai ya fashe da dariya har dorinar ta faɗi daga cinyarsa.

"Kai! Ɗangoggo, ka ga irin wadda nike nema? Na yi shela maza su zo, suka shige rumbu. Da mata na kira da yanzu na cika hili." Ya nuna Jimrau da haɓa. "Kai kuma hannunka ya motsa, na gani. Allah ya so ka da mai saurin ƙafa."

Na fara jin sanyi a raina. Na ɗauka an gama. Na sunkuya zan ɗauki ƙwaryata, sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa kamar an share.

"Bar ta nan, ɗiyata. Shaida ce."

Ashe Goggo rabin dokar ta sani.

"Mai karɓa kora ce tashi," in ji Abarci, yana magana da samarin ba da ni ba. "Ku buɗe kunne, wanga ma karatu ne. Mai bayarwa kuma ɗauri ne nashi. Gidan da ya aiko wa dogari abinci yana neman sayen sandarshi ne. Maigidan ake ɗaurowa, a bi da shi ta cikin gari a kai shi gaban sarki, don wani ya gani ya ji tsoro. In na bar wagga ta wuce, gobe kowace uwa ta aiko da akushi." Ya juya ga Uwale. "Tsohuwa, daga wane gida?"

Uwale ta sunkuyar da kai. "Ni 'yar aike ce, ranka shi daɗe, daddawa nike saidawa..."

"Ban tambaye ki sana'a ba."

"Gidan... gidan Rabo."

Abarci ya miƙa hannu bayan turmin ya jawo igiyar kaba a naɗe, ya jefa. Ta faɗi daidai ƙafar Jimrau.

"Jiya na koya muku ɗauri, kai ka fi kowa iyawa. Aje kulki. Tahi ka ɗauro mini Rabo."

Babana, da furfurarsa, a ɗaure, a hannun wanda ya kawo gaisuwa gidansa. Ko sarki ya sake shi kafin la'asar, wannan aure ya mutu, ya mutu har jikoki. In kuma Jimrau ya ce ba zai je ba, ya tattara ya koma gona, abin da na shanye ƙwarya guda don in hana.

Jimrau bai sunkuya ba. Ya buɗe baki, na san abin da zai ce, na kuma riga shi.

"Ranka shi daɗe, Babana bai aiko da komi ba."

"Ke kika ce."

"Ƙwaryar wa ce wagga? A tambayi duk wanda ke nan. Wa ya daka hurar? Ga kantar taɓarya a hannuna. Uwale, da kika durƙusa sunan wa kika kira? Na Rabo ko nawa?"

Uwale ta dube ni da idon roƙo. Na zare mata nawa.

"Naki," ta ce.

"To kun ji. Mai bayarwa kuka ce. Ga ta."

Abarci ya sosa tabon kumatunsa, ya daɗe yana kallona. Ba wawa ba ne, ya san akwai hannun manya a ciki. Amma sunan da aka kira a gaban shaidu shi ne sunan da aka kira.

"Ba a taɓa ɗaure budurwa kan wagga doka ba," ya ce.

"Ba a taɓa ɗaukar ɗa dogarci ba sai bana," na ce.

Wani daga cikin samarin ya yi tari don ya ɓoye dariya. Abarci ya ɗaga kafaɗa.

"Kin san za a bi da ke ta kasuwa? Kin san abin da mata za su ce?"

"Sun riga sun gan ni ba mayahi. Su haɗa su faɗa gaba ɗaya."

"Shi ke nan. Jimrau, ga mai laihi ta kawo kanta. Yi aikinka."

Sai a lokacin ya sunkuya ya ɗauki igiyar. Ya matso har ina jin zafin rana na tashi daga jikinsa. Tun da aka kawo gaisuwa bai taɓa tsayawa kusa da ni haka ba. Ya yi magana ƙasa ƙasa, leɓɓansa ba su ko motsi.

"Lami, ba zan iya ba. Bari in aje musu kayansu."

"Ka aje, wallahi in cire murjanin nan in ba ka a gaban kowa."

"Za ta ci miki hannu."

"Ta ci." Na haɗa wuyan hannuwana na miƙa masa, na tura warwarona sama don ya samu wuri. "Kuma ka ɗaure da kyau. Yana kallo. Kada ka ba ni kunya."

Ya ɗaure. Da kyau ya ɗaure, har Ɗangoggo ya zo ya ja kullin ya gyaɗa kai. Aka ba Uwale ƙwarya ta ɗora a ka, ta bi mu a baya tana salati. Jimrau na gaba da bakin igiya, ni ina biye, kaina a sama. Muka shiga ta ƙofar yamma. Majema suka bar fatunsu suka miƙe. Mata suka fara leƙowa ta kan danga, wata ta saki guɗa don iya shege, wata ta ce mata Allah ya isa.

Hanyar fada ɗaya ce a garinmu, kuma ta ƙofar zaurenmu ta bi.

Muna karya kwana na hango shi. Baba na zaune a inuwar zaure, hauyarsa a gefe. Ya ɗago. Ya dubi igiyar, ya bi ta da ido daga hannuna har zuwa hannun da ke riƙe da ita. Na ji igiyar ta yi sako sako, Jimrau ya rage tafiya.

"Kada ka tsaya," na ce masa.

Baba ya dafa ƙasa ya miƙe, ya ɗauki hauyar, ya fito tsakiyar hanya ya tare mu.